Minti Arba'in na Kati

Na kankare bayan katin da farcen babban yatsa,
azurfar ƙarya ta zubo min a cinya kamar ɓawon kifi.
Lambobi goma sha huɗu suka leƙo,
a jere, kamar masu jiran biza.

A Karantina nake, bayan lisha.
Jidda na huci, teku na turo gishiri ta taga,
kekena ya yi shiru da rabin jallabiya a bakinsa.
Katin ya ce: kira kyauta ne,
danna takwas, sifili, sifili.

Na danna.
Wata mace ta amsa da Larabci mai santsi,
murya ce da ba ta taɓa kwana da yunwa ba:
afuwan, lambar nan ba ta karɓar wayar hannu.
Na sake. Ta sake.
Ko numfashinta bai canja ba.

Ashe kyauta ma tana da ƙofa,
kuma ba ta buɗe wa na tsaye a titi,
sai mai waya da igiya a bango,
mai suna a takardar wuta.
Ni kuwa iƙamata ta rasu tun azumin bara,
ko sadakar uku ban yi mata ba.

Akwai wata lamba can ƙasa, ƙanana kamar ƙwan tururuwa,
sai da yaron maƙwabta ya karanta min.
Ita ce tamu, masu wayar aljihu:
ta ci kati, ta ci kuɗin layi,
kura biyu a kan akuya ɗaya.

Sai na gangara kantin Muƙbil, mutumin Yaman,
mai ɓoye tarho tsakanin gwangwanin wake da burodi.
Riyal biyu, in ji shi, kuma ban da ihu.
Haka na sayi kyauta.

Matar ta dawo, yanzu da fara'a: kana da minti arba'in.
Waya ta yi kuka a Gumel, ta yi kuka,
har na ji ƙafar Tasalla tana neman takalmi.
Lawandi? Kai ne?
Ina wuni, ina gajiya, yaya zafi, yaya baƙunta.
Shekara goma sha ɗaya, har yau baƙunta take ce mata.
Gaisuwa ba ta san kati ba,
tafe take a natse, kamar saniya mai ciki.

Wayar ta bi hannu hannu.
Baffa Shekarau na son zamzam da tabarau.
Marka ta haihu, an yi ruwa har ya ci katangar yamma.
Wani yaro da aka haifa bayan tahowata
ya ce, Kawu na Makka, ya fashe da dariya, ya gudu.
Na biya kuɗin dariyar nan, ban yi da-na-sani ba.

Amma arba'in ɗin kati ba na agogo ba ne.
Agogon Muƙbil bai cika sha tara ba
matar ta kutso tsakanina da 'yar'uwata
ba ko sallama: saura minti ɗaya.

Abin da ya fito da ni kuwa yana nan a maƙogwaro:
Tasalla, idona na hagu ya yi hazo,
zare ya daina gane ƙofar allura,
kuɗin rufin ɗaki ba za su zo bana ba.

Ta ce, kai dai lafiya kake ko?
Na ce, lafiya lau.
Ta ce, to madal—

Muƙbil ya mayar da tarho bayan wake.
Na jefa katin a gwangwanin maɓallai, wurin 'yan'uwansa,
sun kai tsayin ɗan yatsa yanzu.
Na kunna fitila, na lashi bakin zare,
na ɗaga allura sama,
ina laluben lambar da za ta shiga.